Kawu da Tattabarun da Suka Ƙi Barinsa

Daga Allah muke gaba ɗayanmu, Kawu kuwa ya riga mu komawa gare Shi. Wan mahaifiyata ne. Ya rasu wata ranar Talata bayan la'asar a gidansa da ke Illela, bayan doguwar jinyar ƙirji, kafin magariba an kai shi makwancinsa.

A kwanakin zaman makoki ni aka ajiye a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa. Na yi zaton tsofaffin malaman makaranta da ma'aikata ne za su cika ƙofar gidan, tunda Kawu malamin kimiyya ne har ya yi ritaya. Sun zo kuwa. Amma waɗanda suka fi daɗewa a zaune wasu ne daban.

Wani bakanike mai furfura ya shafa fatiha, ya ƙi tashi. Can ya dube ni ya ce, "Ni ɗalibinai na. Ban ci jarrabawa ba, ban ɓoye ma. Amma har yau in na ga hayaƙi na murɗawa bayan mota, Malam nika tunawa."

Wani dattijo mai sayar da tsuntsaye ya ƙetaro daga Konni a kan tsohon kekensa. Ya ce, "Kowa in ya zo sayen tattabara, ƙirjinta shika latsawa shi ji nama. Malam kaɗai ka buɗe hihhike shi ɗaga ma rana." Ya yi dariya, sai kuma ya ja gefen rawani ya share ido.

A cikin gida, matan unguwa wani abu daban suke tunawa. Babu mai jego ko majinyacin da ya kwanta a layinmu bai sha romon 'yan shila daga gidan Kawu ba. Ba a roƙa, ba a saya. Da ya ji labari zai zaɓi masu ƙiba ya miƙa wa Inna, matarsa, sannan ya fice masallaci don kada a yanka a gabansa. Shi kansa bai taɓa sa naman a baki ba.

Da jama'a suka watse, babbar ɗiyata ta tambaye ni abin da ya sa mutane ke murmushi a wurin makoki. Sai na gane 'ya'yana ba su san Kawu ba sai a matsayin tsoho mai tari a kan kujerar roba. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Asalinmu mutanen cikin garin Sakkwato ne, gidan ma'aikata. Aiki ne ya kawo Kawu Illela yana saurayi, ya auri ɗiyar fatake, ya zauna. Daga baya aure ya kawo mahaifiyata, aka haife ni a nan. Surukansa suna girmama shi, amma ba su taɓa gane kansa ba. A garin nan idon kowa yana kan hanya: me ya shigo, me ya fita, ina farashin kuɗin sefa ya kwana. Idon Kawu yana sama. Yana tafe kansa a ɗage, ya sha yin karo da amalanken jaki a kasuwar Lahadi saboda wata shirwa ta gifta. In aka yi masa sannu sai ya ce, "Kun ga yadda ta karkata wutsiya?" Babu wanda ya gani.

Maganar da ya fi yawan faɗi ita ce, "Iska ba wohi ba ta." Ma'ana, iska ba fanko ba ce. Yakan ce tana da nauyi, ana tura ta, tana turowa, tana naɗewa kamar tabarma. Tsuntsu ba a kan babu yake tafiya ba.

Ban fahimci wannan magana sosai ba sai lokacin da aka rufe iyakar ƙasa da ke tsakaninmu da Konni. Ni fataucin albasa nake yi, ina da tsohuwar a-kori-kura. Hanya ta tsaya, na zauna ba aiki, raina a jagule, ina yi wa iyalina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kawu bai yi mini nasiha ba. Ya aiko kawai cewa yana son mai riƙe masa kaya da hantsi. Watanni na yi ina zuwa, sai daga baya na gane ba mai riƙe kaya yake nema ba, fitar da ni yake yi daga gida.

Ranar farko ya cika daro da ruwa, ya barbaɗa dusa a kai, ya ba ni sakaina.

"Ja ta cikin ruwan, a kwance."

Na ja. Dusar ta ɗan rabu ta koma.

"To karkata ta kaɗan, ka sake ja."

Na karkata na ja. Sai ga dusar tana juyawa a bayan sakainar, 'yan guguwa biyu, ɗaya na bin dama ɗaya na bin hagu, suna tafiya tare ko bayan na cire hannuna.

"Mi ka gani?"

"Ruwa na juyawa, Kawu."

"Sawu ka gani. Kowane hihhike na barin irin wanga sawu cikin iska. Ido na ba ya kai."

Don ido ya kai ne ya shiga satar turaren wutar Inna. Zauren gidan yana da tsaga a saman ƙofa, inda rana ke shigowa kamar sanda. Sai ya rufe ko'ina, ya ɗora kasko a tsakiya, ya jira hayaƙin ya kwanta a cikin hasken, shiru, ba mai motsi. Ni ina wannan bango riƙe da tattabara, shi yana wancan da hatsi a tafi. Ya ɗaga gira, na saki.

Abin da na gani ba zan manta ba. Tattabarar ta ratsa hayaƙin, kowane bugun fiffike ya bar zobe guda, kamar awarwaro, yana birgima ƙasa da baya. Zobe, zobe, zobe, har ta sauka a hannunsa. Mutum mai 'ya'ya kamar ni, sai da na yi kabbara.

Ya yi mini bayani yana shafa bayanta. In fiffike zai sauko, a buɗe yake gaba ɗaya, gashin ya haɗe, yana tura iska ƙasa. A gefen gaba iskar takan naɗe ta zama 'yar guguwa ta lafe a saman fiffiken, ita ke tsotsar tsuntsun sama, musamman in yana tafiya a hankali ko zai sauka. In fiffike zai koma sama kuwa, sai tsuntsun ya ɗan lanƙwashe shi, gashin ya buɗe kamar yatsu, iska ta wuce ta tsakani, don kada ya rushe abin da ya gina. Tafin nan da tattabara ke yi in ta zabura, ya ce ba ado ba ne. Fukafukan ne ke haɗuwa a saman bayanta, in suka rabu iska ta ruga tsakaninsu, ta samu abin takawa tun bugun farko.

Muna cikin haka Inna ta turo ƙofa, iska ta shigo ta watsa komai.

"Malam! Turaren da ƙanwata ta aiko min na biki? Shi kaka ƙona ma tsuntsaye?"

"Shi ya hi kwanciya. Na kasuwa tashi shikai da sauri."

"To Allah shi ba ka haƙuri, don ni nawa ya ƙare."

Ta ɗauke kaskonta. Bayan 'yan kwanaki na iske ta ajiye masa wani ƙullin turaren a kan taga.

Da yamma mukan zauna a ƙofar gida yana karanta mini sama. Zabuwa, fiffikenta gajere ne mai faɗi: tana tashi da ƙarfi kamar an harba ta, tana tayar da babbar guguwa, amma kafin ta ƙetare gona ta gaji. Tsattsewa, nata dogo ne siriri, guguwar bakinsa ƙarama, shi ya sa take wuni a sama. Ungulu kuwa, da kowa ke ƙyama, Kawu yana ganin girmanta, don gashin bakin fiffikenta a rarrabe yake, yana raba babbar guguwa zuwa ƙanana. Da ya ga ban kama zaren ba, sai ya sauko inda nake. Ya ce a bakin kowane fiffike iska na zillewa daga ƙasa ta hau sama, tana murɗewa, tana cin ƙarfin tsuntsu. "Kwastan ɗin iska ke nan. Ba mai wucewa bai biya ba. Amma wani ya hi wani iya wucewa." A nan na gane sarai.

Limamin unguwarmu ya taɓa tsayawa a kanmu, ya ce cikin raha, "Malam, Allah ka riƙe tsuntsu bisa, mi kaka bincike?" Kawu ya matsa masa a tabarma ya ce, "Shi ka riƙe shi, Liman, ba ni musu. So nikai in ga da mi Ya riƙe shi." Liman ya zauna. Har aka kusa kiran magariba yana tambaya a kan jemage.

Tarin ya soma a hankali, busasshe, ba majina. Aka sha sassaƙe, aka sha na kemis. Sai ya zama in ya taka zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta. Babbar ɗiyarsa, taubashiyata da muke kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato. Ita ce ta fari, don haka Kawu bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma cika duban idonta in yana magana ba. "Wagga yarinya" yake ce mata, ko da ta haifi nata 'ya'yan. Ita ta zo ta ɗauke shi kusan da ƙarfi ta kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya yi ta tambayoyi, har ya kai ga abin da ake kiwo a gida. Ya ce ƙurar gashin tattabaru da ta kashinsu ce ke cin huhunsa a hankali. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ya rabu da su, saura zai tsira.

Rigimar da ta biyo baya ita ce mafi tsanani da na sani a gidan, ko da yake babu wanda ya ɗaga murya. A tsakar gida aka yi ta, Yaya na durƙushe, Kawu na duban bango, ni a tsakiya kamar tafinta.

"Baba, ko dai su bar gidan ga, ko su kai ka kushewa."

Ya juyo gare ni. "Gaya ma wagga yarinya, kushewa ba tattabara ka kai mutum ba."

"Baba, na ga hoton da idona. Na ga masu irin ciwon ga a ƙarshensu. Ba ni son in gan ka hakanan."

"Gaya mata na ji."

"In ka ji, yaushe za a kwashe su?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Yaya ta koma Sakkwato tana kuka, ta daina zuwa, sai dai ta aiko magani. Shi kuma ya daina tambayar lafiyarta, amma na lura duk ranar da motar Sakkwato ta tsaya a bakin layi, sai ya ɗaga kai.

Inna ce ta karya shi. Wata safiya ta kawo masa kunu, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ban taɓa ce ma ka zaɓa tsakanina da su ba, don na san amsa. Amma ɗiyarka ba ta saba ba." Ta juya ta tafi. Da azahar ya aiko a kira ni da mota.

Yana da amini a ƙauyen Gidan Katta, manomi, tun zamanin da yake kai ɗalibai gonarsa kallon fara. Can muka kai tattabarun cikin kwanduna, farkon damina. Aminin ya riga ya jera tukwane a jikin katanga, ya yi rumfa. Kawu bai bi mu ba. Aka share ɗakin tattabarun, aka yayyafa ruwa, aka rufe.

Kwana kaɗan bayan haka, Inna ta fito da safe ta iske su jere a kan katanga suna kuka. Ta kira ni a waya. Na zo na tarar da Kawu tsaye a tsakar gida, hannunsa a baya, fuskarsa na son yin dariya yana hana ta. Muka sake kamawa muka mayar. Suka sake dawowa. Aminin ya biyo su a kan babur, ya ce, "Malam, ba su zama sai an fige su. Bari in sa a cire masu gashin hihhike guda, kamar yadda kowa ka yi."

Kawu ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Hihhike guda? In ka cire gehe guda, gehen da ad da gashi shi tura iska, ɗayan shi rasa. Juyawa za ta yi ta hwaɗi bisa ƙirji. Ko muzuru ya zo ba ta iya hawa katanga." Ya yi tari mai tsawo. "Kuma kar a sa almakashi. Wanda anka yanke ba ya tsirowa sai ta sake gashi. Ku kawo su. Ni za ni yi."

Na ce likita ya hana shi taɓa su. Ya ce sau ɗaya ne, kuma a fili.

Muka mayar da su tare da Kawu, a bayan gidan aminin muka yi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, iska na kaɗawa daga bayansa. Ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya buɗe fiffiken kamar mai buɗe mafici, ya ƙirga da yatsa daga baki, ya zare dogayen gashin nan na waje, daidai wa daida a kowane gefe. Ya bar na ciki, ya bar ɗan tuntun gashin da ke gaban gaɓa, wanda ya ce shi ke riƙe iska in za ta sauka. Kowace ya gama sai ya jefa ta sama kaɗan ya duba. Takan yi fafur-fafur ta kai kan katanga, ba ta wuce nan. Aikin ya tafi tsaf. Amma ƙyallen da ke fuskarsa ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne. Ni da aminin muka yi ta duban gona.

Da ya gama ya tattara gashin ya ba aminin ya ce a binne.

Damina ta yi nisa. Tarin ya ragu, ya koma zuwa masallaci ba tare da dafa bango ba. Amma ya daina zaman ƙofar gida da yamma, kuma in yana tafe kansa a ƙasa yake. Na kira Yaya na gaya mata duk abin da aka yi, har da ƙyallen.

Lokacin da gero ya fitar da kai, aminin ya aiko cewa gashi ya cika, wasu ma sun yi ƙwai, gobe zai buɗe su. Kawu ya ce in kai shi. Da safe na zo da mota, sai ga Yaya ta sauka daga motar Sakkwato da jakarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana duban takalminsa. Ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya hana ta. Ta hau baya ta zauna a kan buhu.

Muka shimfiɗa masa tabarma nesa da rumfar, a gefen gona. Aminin ya ɗage ragar da ya rufe rumfar da ita tun da gashi ya soma fitowa. Suka fito da tafi, kaf-kaf-kaf, suka yi sama a dunƙule. Kawu ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa kowa ba.

"Sabon gashi," ya ce a hankali. "Dubi yadda shika cizon iska."

Suka zaga gidan, suka faɗaɗa zagayen, sannan suka miƙe sak wajen Illela har suka zama ɗigo-ɗigo. Yaya ta kama bakin mayafinta. Na san abin da take tsoro, na kuma san abin da wani ɓangare na zuciyar Kawu ke so. Can sai ɗigon suka karkata, rana ta haska cikinsu fari, suka yi kwana mai faɗi a kan gonakin gero suka dawo. Ɗaya bayan ɗaya suka buɗe wutsiya, suka tsayar da fukafukai, suka sauka a kan katangar aminin. Masu ƙwai suka shige tukwanensu.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sun zauna." Ya sake cewa, "To, sun zauna."

Sannan ya juya, ba wajena ba, wajen Yaya. Ya dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

"Ki gaya ma likitanki na shanye maganin duka."

Ta rufe fuska da mayafi. Da za mu koma ya ce rana ta yi zafi, ta shigo gaba. Muka matsu mu uku a kujera ɗaya, yana tsakiya, yana nuna mata balbelu a bayan shanu, yana gaya mata abin da ya sa suke lanƙwashe wuya in suna tashi. Tana ta cewa, "To, Baba."

Allah Ya ƙara masa shekaru masu dama bayan wannan rana, fiye da yadda likita ya yi zato. Bai sake kiwon ko kaza ba. Ya aurar da autarsa, ya ga 'ya'yan jikokinsa. Da ciwon ya dawo na ƙarshe, Yaya ta ɗauki hutu ta tare a gidan, ita ke juya shi, ita ke ba shi ruwa a cokali. A hannunta ya cika, Inna na riƙe da ƙafafunsa, ni ina bakin ƙofa ina jin tana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa da ɗan numfashin da ya rage masa.

Ya Allah, bawanKa ne, ya yi rayuwarsa yana duban aikinKa da mamaki, bai cuci kowa ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi numfashi mai sauƙi a inda babu ciwo. Ka ba Inna da Yaya da mu duka haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.